Musayar Baituka Kan Gudun Miƙa Sanda Tsakanin Najeriya da Gana

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Na buɗe fage da gudun miƙa sanda na maza (mutum huɗu, kowa ya gudu mita 100 ya miƙa wa na gaba sanda) a wasannin Afirka da aka yi a Akara cikin Maris 2024, inda Najeriya ta gama a daƙiƙa 38.41, Gana mai masaukin baƙi kuma a 38.43.

A filin Legon jama'a na jira,
Kiɗa da sowa sun cika Akara,
Itsekiri ya karɓi sanda ya zura,
Muka ɗau zinare a gaban masu gida.

Baban Nima:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina cikin filin a ranar, kuma har yau tazarar nan tana ci mini rai, amma a wasannin Afirka na Rabat ta Maroko mu muka yi nasara.

Kana ta kirari a kan gashi guda,
Tazarar da ido ba zai iya shaida,
Ka tuna Rabat a 2019 kafin ka yi guɗa,
Mu ne a gaba, ku kuna bin sawu.

Malamar Zazzau:
Baba, a gafarce ni. Ɗangonka na uku ya zarce ma'auni, domin idan aka karanta shekarar da baki numfashi zai ƙare kafin a kai ƙarshensa, sannan "guda" da "guɗa" ba harafi ɗaya suke ɗauke da shi a amsa-amo ba.

Baban Nima:
'Yata, na karɓi gyaran harafi, amma shekarar ba za ta fita ba, domin ita ce hujjata.

Ɗan Fagge:
Tsohon zinare ba ya biyan sabon bashi,
Amusan ta ƙetare shinge kamar mashi,
Brume ta yi tsalle ta dira cikin yashi,
Ina matanku da za su tare su?

Malamar Zazzau:
Madalla, Malam! Wannan baiti ya zauna daram, ga amsa-amo ga hujja.

Bamaraɗiya:
Yaya, ɗangonsa na farko ma ya fi 'yan'uwansa tsawo, amma kin yi shiru saboda na gida ne.

Ku biyu kun cika fili da hayaniya,
Kun mance Nijar tana da zinariya,
Aminatou Seyni ce sarauniya,
A mita 200 ta Afirka, a 2022.

Baban Nima:
Na makara da amsa saboda hidimar kasuwa. Malam ya tambayi matanmu, to Rose Yeboah ta ci zinaren tsallen sama a filin Legon ɗin nan. Batun sanda kuwa, ana cin wannan gudu ne a mita 30 da doka ta ware don miƙawa, inda mai karɓa yake zura hannu baya, tafinsa a buɗe, ba tare da ya waiwaya ba. Bayan Akara kuwa, mun sake haɗuwa a gasar Afirka ta Duwala a Kamaru.

Wata uku kacal muka je Duwala,
Yaranmu huɗu suka sha wahala,
Sanda ta wuce hannu ba matsala,
Gana ta ɗau zinare, ku azurfa.

Ɗan Fagge:
Baba, Duwala taku ce, ban musa ba.

Ku ci a waje, mu ci a gidanku,
Ku ajiye ganga ku gyara sandanku,
Mu haɗu a layi mu ga ƙafarku,
Ranar alƙali ya ɗaga bindiga.