Umarnin da kuka ƙara wa Git da hannunku, yaya kuka ƙare da shi?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan'uwa. A Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren da masu rubuta shiri suke yi, idan ka rubuta ɗan shiri ka sa masa suna git-kaza, ka ajiye shi cikin PATH (jerin wuraren da kwamfuta ke duba shirye-shirye), da ka buga "git kaza" zai tashi kamar na gida. Ta wannan ƙofar ƙare-ƙaren Git irin su git-flow da git-lfs suke shiga. To, ni sauƙin nan ya taɓa cizona. Ina da git-switch nawa da ke ɓoye aikin da ban gama ba kafin in koma wani reshe (wani layin aiki dabam a Git). Da Git 2.23 ya fito a 2019 da nasa "switch", nawa ya daina tashi shiru, domin na cikin gida ake fara dubawa. Sai ganin gyare-gyarena na yi sun biyo ni wani reshen. Kwana biyu ina zargin kaina.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, laifin suna ne. Tun daga lokacin da irin haka ta kusa samuna nake sa harafin kamfaninmu a gaban kowane umarni. Amma da a ce Git yana faɗa maka cewa wani shiri a PATH ya yi karo da nasa, da ba ka ɓata kwana biyun ba.

'Yar Kaduna: Ni nawa ƙarami ne amma ya ba ni haushi. Na rubuta wa abokan aiki bayanin amfani, suka ce babu komai. Ashe "git kaza --help" ba ya isa wurin shirinka, Git ne ke karkatar da shi ya nemo shafin man, wato shafin jagorar amfani da umarnin. "-h" ne ke wucewa.

Na Maraɗi: Yaya, naki ai da sauƙi. Wani abokin aiki a Kano ya turo mini shirinsa mai karanta abin da "git status" ya fitar, yana neman "nothing to commit", wato babu abin ajiyewa. Kwamfutata da Faransanci take magana, tana cewa "rien à valider". Shirin ya ɗauka kullum ina da aikin da ban ajiye ba, ya hana ni turawa. Sai da muka koma "git status --porcelain", wanda ba ya sauyawa da harshe, aka samu lafiya.

Ɗan Zariya: Ni na fito daga Mercurial ne, wata manhaja irin Git. Can ƙari da harshen shirye-shirye na Python ake rubuta shi, a kunna shi cikin hgrc, fayil ɗin saitin Mercurial, ya shiga har cikin hanjin shirin. Ƙarfi akwai, sai dai kowane sabuntawa gabana faɗuwa yake.

Mai buɗe zance: Na Maraɗi, don Allah turo mini layin da kuka gyara, ina jin nawa ma yana da wannan cutar.