Mount Pleasant da bashin Foxconn: dabara ce ta fitar da su ko sa'a?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni dai har gobe ina kan bakana: ƙaramin garin da ke son masana'anta dole ya yafe haraji, ya kuma ci bashi ya shimfiɗa titi da bututun ruwa tun kamfani bai zo ba. Ga Mount Pleasant nan a jihar Wisconsin ta Amurka, gari mai mutum kamar 27,000. Sun yi shahada saboda Foxconn, kamfanin ƙera kayan lantarki na Taiwan, duniya ta yi ta yi musu dariya, sai ga Microsoft a 2024 ta zo da jarin dala biliyan 3.3 na gina rumbun kwamfuta, wato cibiyar adana bayanai. Wa gari ya waya?

Akanta: Wa alaikumus salam. Yaya, ka tsallake tsakiyar labarin, kuma nan ne naman yake. A 2017 Foxconn ta yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da ɗaukar ma'aikata har 13,000, za ta riƙa ƙera manyan allunan talabijin. Jihar ta yarda da rangwamen kusan dala biliyan 3. A 2018 Trump da kansa ya riƙe shebur a wurin aza harsashi, ya kira aikin abin al'ajabi na takwas a duniya. Zuwa Afrilun 2021 an sake rubuta yarjejeniyar: jari ya koma dala miliyan 672, ma'aikata 1,454, rangwame dala miliyan 80. Masana'antar allunan ba a taɓa gina ta ba.

Ɗan Kwari: To ai ka taya ni faɗa. Ba su cika alkawari ba, ba a ba su biliyan 3 ɗin ba. Ina asarar?

Akanta: Jihar ce ta tsira, domin ita nata sharaɗi ne: ka ɗauki ma'aikata, mu biya ka. Foxconn ta kasa kai adadin 2018, ba ta samu komai ba. Garin kuwa shi ya fara fitar da kuɗi. Shi da gundumar Racine suka ɗauki nauyin dala miliyan 764, daga baya lissafin ya haura miliyan 900, na sayen filaye da tituna da ruwa da magudanai. Mai ba da bashi ba ruwansa da ko ma'aikaci ɗaya ya shiga ƙofar masana'anta, ranar biya ranar biya ce.

Malama: Akanta, don Allah yi mana dalla-dalla. Gari mai mutum 27,000 da me zai biya irin wannan kuɗi? Wa ma ya yarda ya ranta musu?

Akanta: Malama, tsari ne da suka saba da shi can. Ana shata wani yanki, a rubuta darajar filayensa a yau. Sai a ci bashi a gyara shi. Duk ƙarin harajin gidaje da filaye da ya biyo baya saboda darajar ta hau, ba ya zuwa makarantu ko asusun gari, bashin yake biya har sai an gama. Kamar manomin da ya ci bashi da damina ne a kan buhunan da bai girbe ba. Shi ya sa kamfanin Moody's, mai auna ƙarfin masu cin bashi, ya rage wa garin daraja a 2018.

Injiniya: Bari in shigo wa Ɗan Kwari kaɗan, don Akanta ma ya ɓoye wani abu. Garin bai shiga da ka ba. Ya sa Foxconn ta rattaba hannu cewa daga 2023 za ta biya haraji tamkar kadarorinta sun kai dala biliyan 1.4, ko ta gina ko ba ta gina ba. Jihar ma ta yi alkawarin tsaya wa kashi 40 cikin 100 na bashin in abu ya ɓaci. Sannan Microsoft ba don kyawun fuskarsu ta zo ba. Ta tarar da fili a share, ga layukan lantarki, ga tituna masu faɗi, ga izinin janyo ruwa daga tafkin Michigan. A 2023 ta sayi eka 315 a kan dala miliyan 50. In da ba a kashe kuɗin nan ba, me za ta gani ta tsaya?

Akanta: Na yarda da sharaɗin biliyan 1.4, shi ne abu mafi hankali a duk takardar. Amma Injiniya, wa ya san a 2017 cewa kamfanoni za su shiga rububin gina rumbunan kwamfuta bayan shekara shida? Babu wanda ya sa shi a lissafi. In ka faɗa rijiya wani ya zo wucewa da igiya, ba za ka ce ka iya tsalle ba. Kuma rumbun kwamfuta, in an gama gini, ma'aikatansa na dindindin ba su kusanci 13,000 ba.

Kawu: Ku yara kuna ta biliyan-biliyan, babu wanda ya tambayi masu gidajen. A 2018 hukumar garin ta ayyana dubban eka na gonaki da gidaje a matsayin wurin da ya lalace, don ta samu damar karɓa ko mai shi bai so. Gidaje ne lafiyayyu, wasu sababbi fil. Aka biya su, aka sa buldoza. In ka duba hotunan wurin shekarun baya, titi ne mai hannu da yawa babu mota, sai wani ginin gilashi mai siffar ƙwallo a tsakiyar fili. Wannan a wane shafi na lissafinku yake?

Ɗan Kwari: Allah ya ƙara girma Kawu, an fa biya su diyya, wasu ma sama da kuɗin kasuwa.

Kawu: Ɗana, wanda aka biya da wanda aka tambaya ba ɗaya ba ne.

Malama: Ni abin da ya tsaya mini, can aƙalla akwai harajin gidaje da za a jingina bashi a kansa. Mu nan kundin 1999 ya ba ƙananan hukumomi wannan haraji, amma nawa ne a cikin 774 ke tara shi da gaske? Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Ɗan Kwari, in ciyaman ɗinku ya yafe wa kamfani haraji, me zai yafe, tikitin kasuwa?

Ɗan Kwari: Malama kin sauya mana filin wasa. Ni maganar Wisconsin nake.

Akanta: To mu tsaya a Wisconsin. Bashin na shekaru da dama ne masu zuwa, kuma yanzu biyansa ya dogara ne da manyan kamfanoni biyu. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Injiniya: In haka ne ba garin da zai taɓa gina komai, kowa sai ya zauna jiran yatsa. Akanta, faɗa mana ƙarara: da kai ne a majalisar garin a 2017, za ka ɗaga hannu ko a'a?

Akanta: Zan ɗaga, da sharaɗin Foxconn ta shimfiɗa titin da kuɗinta, mu riƙa cire mata daga haraji duk shekarar da ta cika adadin ma'aikata.

Ɗan Kwari: Ai da ta tattara ta tafi wata jihar, don ba su kaɗai ke zawarcinta ba.

Akanta: Da ta tafi da allunan da ba ta ƙera ba.