Man da na zuba wa janareta, ina ya tafi?

Telan Nima:

Assalamu alaikum jama'a. Shagon ɗinki gare ni a Nima, nan Ankara ta Ghana, kekuna uku da dutsen guga ɗaya. Idan aka ɗauke wuta janareta nake tayarwa, kuma duk wanda ya yi sana'a a shekarun dumsor, wato lokacin da ake yawan ɗauke wuta, wajen 2014 da 2015, ya san yadda mai yake cin aljihu. Jiya yarona da ke ƙaramar sakandare ya dawo da wata magana: wai malaminsu ya ce makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Na ce to, fetur ɗin da na zuba da safe ya sauya ya koma me? Ni dai tanki na gani a bushe. Yaro ya yi zuru. Wani abin kuma, kekunan uku suna tafiya lafiya a kan injin, amma da na jona dutsen guga sai ya hau gurnani yana neman mutuwa. Me ya sa ɗan wannan abu ya fi keke uku nauyi?

Bakanike daga Suame Magazine, Kumasi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Gobe in ka tayar, kai hannu kusa da salansa, amma kada ka taɓa. Wannan zafin da ya dake ka, shi ne manka. Fetur yana ƙonewa a cikin inji, iskar da ta ɗau zafi ta kumbura ta tura fistan, fistan ya juya ƙarfen tsakiya, shi kuma ya juya maganaɗisu a cikin naɗin jan waya. A nan wuta take fitowa. Sai dai a ƙananan injuna irin naka, abin da ke zama wuta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin man ba. Sauran ya bi hayaƙi, ya gasa jikin inji, kaɗan kuma ya zama ƙarar da maƙwabta ke tsine maka a kanta.

Batun guga, duba rubutun da ke jikinsa. Za ka ga wat 1,000 ko fiye, wasu har 2,000. Motar keken ɗinki na gida ba ta wuce wat 100 da ɗan wani abu, ta manyan kekuna wajen 400. Juya allura aiki ne mai sauƙi, gasa ƙarfe shi ne mai ci. Kuma ka lura da zagayen da kake yi: ka ƙona mai ya zama zafi, zafi ya zama juyi, juyi ya zama wuta, sannan ka sake mayar da wutar zafi. Ranar janareta ka ɗauko dutsen gawayi kawai.

Malamar kimiyya, Asawase:

Baba, a gaya wa yaron malaminsa ya yi daidai, kai ma tambayarka tana kan hanya. Makamashin bai ɓace ba, watsewa ya yi. Kamar gero ne ya zube a rairayi: ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba, amma wa zai tsince? Zafin da ya shiga iskar Nima yana nan, sai dai ba mai iya tattara shi ya sake juya keke. Kuɗinka na biyan makamashin da ke dunƙule ne.

Ko wutar mita haka take. Rana ce ke ɗaga ruwa ya zama hadari, a yi ruwan sama, ya gangaro kogin Volta, madatsar Akosombo ta tare shi. Ruwan da aka tara a sama yana faɗowa ta manyan bututu ya juya injuna shida, masu ba da megawat 1,020 idan duka suna aiki. Kwame Nkrumah ne ya buɗe ta a Janairun 1966. Asara a nan kaɗan ce, don ba a ƙona komai. Amma in ruwan tafki ya ja baya, kamar a 1983 da 1998 da 2007, sai rabon wuta. A 2007 ɗin ne gwamnati ta raba ƙwayayen fitila miliyan 6 masu tsimin wuta, domin tsohon ƙwai mai jan haske ko kashi 10 cikin 100 ba ya mayarwa haske, sauran zafi ne. Yau kuwa mafi yawan wutar Ghana daga tashoshin da ke ƙona iskar gas take zuwa, irin na Aboadze da Tema.

Dattijo a Sabon Zango:

Mu da muka koyi ɗinki a keken ƙafa, koko da ƙosai ne manmu. Ka sha da safe, ka taka har azahar, zufa na zuba. Malama, ashe zufar nan ita ce tamu salansar?

Malamar kimiyya, Asawase:

Ƙwarai kuwa Baba. Jiki ma mafi yawan abin da ya ci zafi yake zama.

Telan Nima:

Allah ya saka da alheri. Dutsen gawayina yana nan ƙarƙashin tebur, sai dai tsoron tartsatsi a kan farar shadda. Maigida na Suame, idan na sa sola da batir, za su ja kekuna uku da fanka, ban da guga? A faɗa min girman da zan nema.