Teburin katakon tik ya koma ruwan toka, me kuka yi wa naku?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da muka ajiye teburi da kujeru huɗu na katakon tik (teak a Turance) a waje. Lokacin da aka kawo su ruwan zuma ne, gwanin sha'awa. Yanzu sun yi fari-fari, ruwan toka, kuma kan hannun kujera ɗaya ya ɗan tsage. Maigida ya ce an cuce mu. Duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan kayan ya ba mu labari.

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam. Ba a cuce ku ba, 'yata. Haka tik yake. Rana ce ke cin launin samansa, amma ba ta wuce fatar sama ba. Ki sa samfefa ki goge ƙasan ƙafar kujera ɗaya kaɗan, za ki ga ruwan zuman yana nan. Itacen asalinsa daga Indiya, Myanmar, Tailan da Laos yake, kuma a cikinsa akwai mai da wani sinadari irin na yashi da ake kira silika. Silikar nan ita ke dakushe mana bakin zarto, man kuma shi ke hana ruwa ruɓar da shi. Shi ya sa tun da daɗewa ake shimfiɗa shi a benen jiragen ruwa. Tsagewar da kika gani a bakin katako, in siririya ce kamar gashi, bushewa ce da jiƙewa. Ba ta karya kujera.

Sadiku: Ni zan faɗi wautar da na yi don kada wani ya maimaita. Na sayo abin da ake kira "man tik" na shafe benci tas. Sati biyu yana walƙiya, ina ta nuna wa baƙi. Da damina ta yi nisa sai baƙaƙen ɗigo suka feso ko'ina, har cikin tsagin alluna. Ashe man nan ba daga itacen tik ake tatso shi ba, yawanci man linsid ne ko man tung, waɗanda ake tatsa daga 'ya'yan wasu tsirrai daban, aka tsinka. Yana zama a sama, ƙura ta manne, fumfuna ta samu wurin zama. Kuma da ka fara, ka ɗaura wa kanka aiki, duk bayan 'yan watanni sai ka sake. Kwana biyu na yi ina gurza kafin na ga katakona. Wani abu kuma: tsumman da ka shafa man linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi ya bushe ko a tsoma a ruwa.

Anti Rabi: Nawa shekara shida, ban taɓa shafa musu komai ba. Ruwan tokan nan ni ya fi min kyau ma. Sau biyu a shekara, ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, buroshi mai laushi, in bi yadda jijiyar katakon ta kwanta, in ɗauraye, in bar su a rana. Shi ke nan.

Sadiku: Anti, da na haɗu da ke tun farko da ban sha wuya ba.

Ummi: Nawa kuskuren soson ƙarfe ne. Na dirje teburi da shi, ya yi fes. Bayan ruwa ɗaya sai ga tabo baƙi-baƙi kamar an yayyafa tawada. Ɓurɓushin ƙarfen ne ya maƙale a katakon ya yi tsatsa. Sai da aka wanke da garin asid ɗin oksalik kafin ya fita, da safar hannu. Ƙanena kuma ya sa injin wankin mota a kan nasa, ƙarfin ruwan ya tayar da jijiyoyin katakon, kujera ta koma kamar harshen kyanwa.

Baba Kafinta: In ruwan zuman kike so, Maman Ilham, ga hanya: ki wanke, ki bari ya bushe sarai kamar kwana biyu, ki bi da samfefa mai lamba 120 sannan 220, ki share ƙura, sai ki shafa silar tik (sealer), wato ruwan maganin da ake shafa wa katako, wadda ke tare rana. Kusan duk shekara ake sabuntawa. Amma ban da banish. Man cikin katakon ba ya barinsa ya kama da kyau, sai ki ga yana ɓarewa kamar saɓar maciji, cire shi kuwa azaba ce. Sannan kada ki lulluɓe su da leda ko tamfol ki ɗaure, gumi zai taru a ciki. Ƙafafun kuma kada su riƙa kwana cikin ruwa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Na goge ƙasan ƙafar kamar yadda Baba ya ce, ga ruwan zuma nan kuwa. Na kira maigida ya gani da idonsa, ya yi shiru. Yanzu rigimar ta koma wani wuri: shi sila yake so, ni kuma na bi bayan Anti Rabi.