Kwamfutata ba ta farkawa daga barci tun da na koma karnel 6.12

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ina karatu a jami'a nan Maraɗi, saura wata ɗaya in gabatar da memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu. Kwamfutar nan yayana ne ya sayo mini ita a Kano, ta hannu ce, jika tamanin ya biya, kuma sai da ya saida tumaki biyu kafin kuɗin su cika, shi ya sa ba na iya ce mishi ta samu matsala. Shekara biyu ina kan Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, ban taɓa kuka da ita ba. Ina rufe murfi in sa ta jaka, in hau kabu-kabu daga unguwar Zariya, in na isa in buɗe ta tashi nan take. Satin da ya wuce na haura Debian 13. Yanzu in na rufe ta tana barci lafiya, 'yar fitilar tana ƙyaftawa, amma in na buɗe sai fanka ta yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin. Sai na danne maɓallin wuta ta mutu. Jiya na rasa shafi huɗu. Mi zan yi?

Injiniya Mokoyo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗa mana katin hoton da ke cikinta ba, amma ciwon a fili yake. Debian 12 karnel 6.1 gare ta, na Disamban 2022 (karnel shi ne zuciyar tsarin Linux, mai sarrafa na'urorin injin). Ta 13 kuma 6.12, na Nuwamban 2024. Wani canji a tsakaninsu ya karya maka barcin. Shiga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa in ka kunna ta, ka zaɓi tsohon karnel. In ta farka, maganar ta tabbata, sai ka yi git bisect, hanyar gano canjin da ya jawo matsalar.

Ɗan Zariya: Na gwada Yaya, da 6.1 tana farkawa. Amma ba zan zauna a kanshi ba, ƙaramin wifi na USB da na saya da sabon kaɗai yake aiki da kyau.

Mai Gyara Sabon Gari: Ni na ce batir ne ko zafi. Da ranar garin nan kuna cusa kwamfuta cikin jaka tana kunne. Wata uku da suka wuce wani ya kawo mini tashi batir ya kumbura har ya ɗaga madannai, na gyara mishi, har yau bai biya ni ba, in ya hango ni a kasuwa sai ya canza hanya. Kawo ta in duba.

Injiniya Mokoyo: Malam, batir bai san lambar karnel ba. Ya ce da 6.1 tana tashi. Ƙanena saurara. Fitowa 11 ke tsakanin biyun, kowace da canji sama da 10,000. Bisect yana raba su biyu ne: ka gina karnel na tsakiya, ka sa ta barci, in ta tashi ka rubuta good, in ba ta tashi ba ka rubuta bad, ya sake rabawa. Sau 17 ko 18 za ka kama canjin da ya jawo abin. Yi make localmodconfig don ya gina abin da injinka ke amfani da shi kawai. Kuma ka sani dokar Linus Torvalds ce, wanda ya ƙirƙiro Linux, abin da ke aiki jiya sabon karnel ba ya da izinin karya shi. In ka kai wa masu gina karnel lambar canjin za su saurare ka.

Ɗan Zariya: Yaya, sau 18? Da wane forfe zan sauke tushen karnel mai giga da yawa? Kuma in kuran ya tafi ana tsakiyar gini fa?

Hajiya Rezo: Kar ka fara da bisect tukuna. In allon ya yi baƙi danna Caps Lock. In fitilarshi ta kunna ta mutu, karnel na da rai, allon ne kawai bai dawo ba. Sannan ka rubuta cat /sys/power/mem_sleep ka turo abin da ya fito, da ƙarshen journalctl -b -1, wato abin da tsarin ya rubuta kafin ka kashe ta.

Ɗan Zariya: Hajiya ya nuna s2idle [deep]. Na biyun rubutu ne mai yawa, layin ƙarshe yana cewa ta shiga barci, daga nan babu komai.

Hajiya Rezo: To tana kan barci mai zurfi ke nan, wanda ake kira S3. Gwada mem_sleep_default=s2idle a GRUB, ta koma barci mara zurfi. Wataƙila ya kai ka ranar gabatarwa.

Injiniya Mokoyo: Wannan rufe ciwo ne da tsumma, Hajiya. A tsohon inji s2idle shan batir yake, kuma zai ɗumama cikin jaka. In bisect ya yi maka nauyi, sa 1 a /sys/power/pm_trace. Yana ajiye alamar na'urar ƙarshe da ya taɓa a cikin agogon injin. In ta maƙale ka sake kunna ta da sauri, ka nemi hash matches a dmesg, wato saƙonnin da karnel ke rubutawa.

Abban Nana: Ni tawa tun bara Bluetooth ya daina, na yi tambaya nan ba wanda ya kula ni. Ɗalibi, ka riƙa kashe ta gaba ɗaya mana, minti nawa ne?

Ɗan Zariya: Baba, takardu sun fi talatin a buɗe, in na kashe sai na sake neman inda na tsaya a kowace. Kuma ba laifi na yi ba don na sabunta, ku ne kullum kuke cewa a sabunta saboda tsaro. Yaya Injiniya, na yi pm_trace ɗin. Agogo ya rikice, shekarar ma ba daidai ba, shafukan intanet sun ƙi buɗewa. Da waya nake rubutu yanzu.

Injiniya Mokoyo: Haka yake yi, gyara agogon da hannu. Mi dmesg ya ce?

Ɗan Zariya: Na ga Magic number amma ban ga hash matches ba. Sai da na yi sallar la'asar na kunna ta.

Injiniya Mokoyo: Na ce da sauri! Cikin minti 3 ake so, in ya wuce agogo ya goge alamar. Sake.

Hajiya Rezo: Har yanzu ba ka faɗa mana na Caps Lock ba, ko katin hoton. Ka kwafe memuwar ɗin a kile na USB tukuna?

Ɗan Zariya: Ban kwafe ba, kile ɗina na wurin abokina a Tibiri. Kuran ya tafi, batir saura 9 cikin ɗari. Mai Gyara, ƙarfe nawa kake buɗe shago gobe?