Motar girbi ko injin girbi? Mu tsayar da suna ɗaya

Jama'a, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar kafin shinkafar bana ta nuna. Wannan ƙatuwar na'ura da ke shiga gona ta yanke shinkafa ko alkama, ta buge, ta sheƙe, ta tara tsaba a cikinta, ta watso kara da ƙaiƙayi ta baya, wadda Turawa ke kira combine harvester, me za mu kira ta? A bakin manoma na ji kombain, na ji habesta, a rediyo kuma injin girbi. Mutane sun kawo shawarar sunaye daban-daban; ga su, ga kuma inda na tsaya.

Sunan Turancin ya samo asali ne daga haɗa ayyuka uku wuri guda: yanka, bugu da shiƙa. 'Yan uwanmu na Nijar sun san na Faransanci, wanda ya ambaci biyu kawai, girbi da bugu. Tun 1836 wani Ba'amurke mai suna Hiram Moore ya yi rajistar irinta a Michigan, dawakai ke jan ta. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Massey-Harris na Kanada ya fito da wata mai tafiya da kanta, kuma ita ce kakar waɗanda muke gani yau a Kura da Kadawa da fadamun Kebbi.

Cikin sunayen da aka kawo, injin casa bai yi ba, don sunan yana da masu shi. Haka muke kiran injin da ake girkewa a bakin gona ana zuba masa dami, haka kuma muke kiran mai ɓare shanshera. Injin girbi ya ɗan fi, sai dai akwai ƙaramin injin da mutum ke turawa, yana yanka ya kwantar, bugu kuma sai a nemi wani. Manomin da aka ce masa za a kawo injin girbi a kan kuɗi kaza ba zai san wanne ya biya ba, ko zai sake ɗaukar masu bugu.

Wata malama ta kawo magirbiya, daga magirbi. Kalma ce mai tsafta, amma mai ji zai ɗauka mace ce mai aikin girbi. Wani ɗan uwa ya ce girbe-duka, a kan ƙirar dafa-duka. Ya yi daɗi a baki ƙwarai, sai dai ya yi alkawarin da na'urar ba ta cikawa. Idan shinkafa ta kwanta, ko direba ya cika gudu, ko ba a daidaita iskar shiƙa ba, tsaba zuba take yi. Duƙa a bayanta ka ɗaga karan da ta watsar, za ka ga hatsi a ƙasa.

Ni dai motar girbi na zaɓa, a rubutu mai tsawo kuma motar girbi da bugu. A Hausa inji yakan zauna wuri ɗaya a kawo masa aiki: injin niƙa, injin ban-ruwa, injin markaɗe. Mota kuwa tafiya take yi, tana da direba. Kuma da ma muna cewa motar noma ga tarakta.

Babban dalilina shi ne kalmar mota tana gaya wa mai shirin saye gaskiyar abin da zai shiga. Duk wanda ya taɓa riƙe mota ya san sayen ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai man gas, juyen baƙin mai, filta, giris, haƙƙin direba da yaronsa, da kuɗin babbar motar da za ta ɗauke ta daga wannan fadama zuwa waccan, don mai ƙafar roba irin ta katafila ba ta doguwar tafiya a kwalta. Sannan ga abubuwan da ke cinyewa: bel, sarƙa, boris, da wuƙaƙen baki da dutse ɗaya ko kututture zai karya. Ƙaiƙayi na toshe lagireto inji ya ɗau zafi, idan kuma ya taru a kan boris ɗin da ya bushe, gobara na iya tashi. Shi ya sa direban kirki ke fara ranarsa da kakkaɓa da sa giris.

Inda ta bambanta da motar haya shi ne makonni kaɗan take aiki a shekara, kuma a cikinsu ne za ta biya kuɗinta. Ana girbe shinkafa lokacin da damshin tsaba yake wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100. In bel ya tsinke a tsakiyar gona, aka ce sai an aika Kano ko Legas, shinkafa na bushewa tana kakkaɓewa, tsuntsayen jan-baki na sauka, manoman da ke layi kuma su koma ga lauje. Saboda haka mota mai araha wadda ba a samun kayanta kusa ta fi mai tsada cin kuɗi. A Amurka masu girbin haya kan faro daga Texas su bi nunar alkama har arewa kusa da Kanada, don motar ta samu watanni tana aiki. Mu nan abin da zai yi mana wannan shi ne haɗa girbin damina da na rani, da kuma maƙwabta su shuka iri ɗaya lokaci guda, don ƙananan gonaki masu yawan kunya na cinye mai a juyi kawai.

Wanda bakinsa ya saba da kombain ba za a hana shi ba, haka tarakta ta shigo ta zauna. Amma a takardar yarjejeniyar haya da shirin noma na rediyo, ina roƙon a riƙa cewa motar girbi.

Saura sassanta. Makanikai da direbobi, me kuke kiran faffaɗan bakin nan mai yanka, da abin da ke juyawa a gabansa yana kwanto da shinkafa, da gangar da ke bugu a ciki? Ku turo yadda kuke faɗa a gareji, da garin da ake faɗin haka.