Baba na wankin ƙoda, masassarar yamma ta ƙi sakinsa: ko tarin fuka ne?

Wata 'yar'uwa daga unguwar Zariya, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka mini. Mahaifina ne, wata takwas ke nan ana masa wankin ƙoda sau biyu a sati. Yau sati biyar, da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi, cikin dare kuma zufa, har sai na tashi na sauya masa zanen gado. Furar da yake so ma, kurɓi biyu ya ture kwanon. Agogon hannunsa yanzu zamewa yake. An gwada palu (zazzaɓin cizon sauro) sau biyu, babu. An gwada kaki, ba a ga komai ba, allurar fata ta gwajin tarin fuka ma ba ta tashi ba. Radiyo, wato hoton ƙirji, ta nuna ruwa a gefen huhun dama, aka ce ruwan ƙoda ne. Sai wata kaluluwa a wuyansa da ba ta ciwo. Tarin ba yawa. Abin da ke hana ni barci, ƙanensa ya yi tarin fuka shekara uku baya, kuma Baba ne ya yi jinyarsa. In kwantar da hankali tunda gwaji biyu sun ce babu?

Wani malamin jinya:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki kwantar tukuna. Ciwon ƙoda yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa mai wanki ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka nesa ba kusa ba. Allurar fatar nan da ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72, garkuwa ce ke kumbura wurin. In garkuwar ta yi sanyi, fata sai ta kwanta lumui alhali cutar na ciki. Kuma a wajensu cutar kan fita daga huhu ta zauna a kaluluwa, ko rigar huhu, ko cikin ciki. Wanda cutarsa ke wuya, me za a gani a kakinsa? Ga shi rama, kasala da rashin cin abinci duk ana iya jingina su ga ƙodar, a yi ta tafiya a haka.
Ki gaya wa likitansa zancen ƙanen nan, shi ne babban abu. Ki tambaya ko kakin da madubin likita kawai aka duba shi ko an saka shi a GeneXpert. Na'urar tana gano ƙwayar ko da kaɗan ce, cikin kamar awa biyu, har ta faɗa in ba ta jin rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin fuka. Ruwan huhun ma, na ƙoda ya fi taruwa gefe biyu kuma yakan ragu in an ja ruwa sosai a wanki. Wanda ya tsaya gefe ɗaya ya ƙi tafiya, a zuƙo shi a auna.

Ɗan Tibiri:
Yaya, ta ina ake jona masa injin? In robar wuya ce, a ɗauki jini a duba ta ita ma. Wana ya sha masassara saboda ita, sai dai tasa da rawar sanyi take zuwa ana tsakiyar wanki.

Wata uwa daga Ali Ɗan Sofo:
'Yata, kamar labarin mahaifiyarmu kike ba ni. Wata uku muna yawo, kaki sau uku babu komai, sai da aka yanki ɗan ƙanƙanin nama daga kaluluwar aka gano. Na yi kuka ranar, amma har da na samun sauƙi, don an san abin da ake yaƙa. Maganin kyauta muka karɓa, wata shida ta sha. Iri huɗu ne da fari. Biyu kullum, amma firazinamid da etambutol sau uku a sati aka sa mata, kuma bayan an gama wanki, don kada injin ya wanke su. An haɗa mata da bitamin B6 saboda zogin ƙafa. In ganinsa ya fara dishi-dishi ku faɗa ranar, etambutol na taɓa ido. Hawan jininta ma ya tashi, aka ce rifamfisin ne ke rage ƙarfin maganin hawan jinin, aka gyara. Don girman Allah kada kowa ya saya masa a kasuwa a ce a gwada.

Malamin jinya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da cewa maganin ƙwayoyin cuta irin su lebofuloksasin yana lafar da tarin fuka na ɗan lokaci ya ɓata gwaji, ki kai wa likita duk kwalayen abin da ya sha.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Robar wuya ce, amma ba ya rawar sanyi. Alhamis ce ranar wankinsa na gaba, zan tafi da radiyon da kwalayen. Jikokinsa biyu suna wuni a ɗakinsa, ƙaramin shekararsa uku. In raba su?

Malamin jinya:
Na kaluluwa da na rigar huhu kaɗai ba su cika yaɗuwa ba, amma ba a tabbatar huhun kansa lafiya lau yake ba. Kafin sakamako, a buɗe tagogi, yaran su gaishe shi a tsakar gida. In ya tabbata a huhu ne, ki kai su a duba, musamman ɗan shekara ukun, akwai maganin kariya da ake ba 'yan ƙasa da biyar.